Yadda Za Ka Zana Fuskarka da Fentin Mai, Bisa Hanyar da Joan Miró Ya Bi a 1919

A shekarar 1919 wani saurayi ɗan Basalona mai shekara 26, Joan Miró, ya tsaya gaban madubi ya zana kansa da fentin mai. Ƙyallen da ya yi aikin a kai bai cika girma ba, tsawonsa santimita 73, faɗinsa 60. Yana sanye da jar riga marar kwala, wuyanta a buɗe, gashinsa gajere a kwance, idanunsa manya suna duban mai kallo kai tsaye. A bayansa babu kujera, babu taga, sai launi guda mai ɗaukar rawaya. Daga baya hoton ya shiga hannun shahararren mai zane Pablo Picasso, wanda ya riƙe shi har mutuwarsa a 1973, kuma yanzu yana gidan tarihin Picasso da ke Faris.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan hoto ga mai koyo shi ne ba ya ɓoye yadda aka yi shi. Akwai hotunan gwanaye da idan ka duba sai ka rasa inda buroshi ya bi, saboda an murje komai ya saje. A na Miró kuwa kowane layi yana nan a fili: nan ƙashin kunci ya tsaya, nan haɓa ta lotsa, nan riga ta karye. Wanda ya nutsu a gabansa zai iya bin sawun shawarar da mai zanen ya yanke ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake so ka ɗauka daga gare shi ke nan: ka gina fuskar tukuna, kyau ya zo daga baya in zai zo.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da zana mai rai ba, ya tuntuɓi malaminsa. Matakan da ke ƙasa duk suna aiki ko da tulu ko ƙwarya ko reshen bishiya ka ajiye a gabanka.

Fara da kallo

Nemo hoton a intanet, ka buɗe shi a allo mafi girma da kake da shi, ka ba shi lokaci. Dubi layin da ya zagaye idanu da hanci da leɓe, za ka ga baƙi-baƙi ne, mai kauri, ba a yi ƙoƙarin ɓoye shi ba. Wannan gado ne daga tsofaffin zane-zanen majami'un Kataloniya, yankin Sifen da Basalona take ciki, waɗanda Miró ya taso yana ganin wasunsu a gidan tarihin garinsu. Mafi shahara cikinsu shi ne na majami'ar Sant Climent de Taüll da ke cikin tsaunukan Piranis, wadda aka buɗe a 1123. Tsakanin 1919 da 1923 aka ɓamɓaro irin waɗannan zane-zane daga bangon majami'un ƙauye aka kai su Basalona don kada a sayar da su ƙetare. Fuskokin cikinsu suna fuskantar mutum sosai, idanu manya, layi mai ƙarfi, launi a shimfiɗe.

Sai ka sauko kan rigar. Ɓangarorinta biyu ba iri ɗaya aka yi su ba. A gefe guda ƙyallen ya kakkarye zuwa kusurwoyi masu kaifi, salon da Picasso da Georges Braque suka ɓullo da shi a Faris shekaru kaɗan kafin nan, a ɗaya gefen kuma an bar shi ya fi kwanciya. Wato a cikin hoto ɗaya saurayin ya haɗa abin da ya gada a gida da abin da ya ji labarinsa daga Faransa, tun ma bai taka Faris ba, domin sai a 1920 ya fara zuwa can. Kuma ya yi wannan aiki ne shekara guda bayan baje kolinsa na farko shi kaɗai a shagon dillalin zane Josep Dalmau a 1918, inda bai sayar da hoto ko ɗaya ba. Ni a ganina wannan taurin kai yana nan a fuskar.

Ɗauki fensir ka kwafi hoton a takarda sau biyu ko uku, layukan kawai, ba inuwa. Ba don ka zama Miró ba, sai don hannunka ya san nauyin layin da aka ja da niyya.

Kayan aiki

Fentin da ake nufi shi ne na masu zane, wanda ke zuwa a ƙananan bututu, ba na gwangwani da ake shafa wa ƙofa da taga ba. Garin launi ne da aka niƙa cikin man linsid, wani man tsiro mai bushewa. Launi bakwai sun ishe ka, ga sunayensu yadda za ka gani a jikin bututun: Titanium White, Yellow Ochre, Cadmium Red, Burnt Sienna, Burnt Umber, Ultramarine Blue da Ivory Black. Kada ka sayi akwati mai launi ashirin da huɗu, zai raba maka hankali kuma ba za ka koyi haɗi ba.

Kana bukatar buroshi mai taurin gashi guda uku ko huɗu, daga mai faɗin yatsa biyu zuwa ƙarami, da siriri guda mai laushi na jan layi. Sai wuƙar haɗa fenti, allon katako ko gilashi da za ka yi haɗin a kai, gawayin zane, tsummoki, ƙaramar kwalbar man linsid, da tafentayin na tsinka fenti. Man gyaɗa ko wani man girki ba zai maye gurbin linsid ba, domin ba ya bushewa, hoton zai zauna da danƙo. Kananzir ma kada ya shiga cikin fentin da za ka shafa.

Idan ka samu ƙyallen zane da aka riga aka ɗaure a firam aka yi masa farin shafe, madalla. Idan ba ka samu ba, falankin katako mai santsi ya wadatar. Lluïsa Vidal, 'yar Basalona da ta rasu a annobar murar 1918, a kan ƙaramin katako ta zana kanta riƙe da buroshi wajen 1899, kuma hoton yana nan lafiya a gidan tarihin zane na Kataloniya. Abin da ba a tsallakewa shi ne shafen farko da ake kira jeso: shafa sau biyu ko uku, ka bar kowanne ya bushe, ka ɗan goge da sanfefa mai laushi. Man fenti idan ya taɓa zaren ƙyalle kai tsaye yana cinye shi a hankali.

Madubi da haske

Nan ne yawancin masu koyo ke yin gaggawa, kuma nan ne rabin aikin yake.

Za ka ji sha'awar ɗaukar hoton kanka da waya ka kwafa. Ina roƙonka ka haƙura da wannan a aikin farko. Waya idan ta matso kusa tana kumbura hanci ta ƙanƙantar da kunne, sannan tana gyara haske da kanta ta shafe inuwar da kake bukata. Madubi kuwa yana ba ka fuskar da ke da zurfi, wadda ido biyu ke gani.

Kafa madubin daidai tsayin idonka, ƙyallen kuma a gefensa, kusa sosai, yadda ƙwayar idonka kawai za ta riƙa tafiya tsakaninsu ba wuyanka ba. Mai aiki da hannun dama ya sa ƙyallen a dama. Haske ya fito daga taga guda ɗaya, daga gefe, ɗan sama da kanka. Rufe sauran tagogi. Tagar da rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye ta fi, saboda haskenta ba ya saurin canjawa, kuma ka riƙa aiki a lokaci guda kullum, misali daga hantsi zuwa kafin azahar. Shata wurin ƙafafunka da alli a ƙasa. Manna ɗan tef a madubin daidai inda tsinin hancinka yake da inda haɓarka ta tsaya, don duk lokacin da ka dawo ka koma mazauninka na jiya.

Abu biyu game da madubi da ya kamata ka sani tun yanzu. Na farko, fuskar da zai ba ka a juye take. Idan kana da tabo ko bille a kuncin hagu, a hoton zai fito a gefen da mutane ba su saba ganinsa ba, shi ya sa 'yan gidanku za su iya cewa akwai abin da bai yi daidai ba alhali ka yi daidai. Wanda wannan ya dama zai iya haɗa madubi biyu ya mayar da fuskar yadda take. Na biyu, idan ka rufe ido ɗaya ka zagaye kanka da sabulu a jikin gilashin, za ka tarar zagayen rabin girman kanka ne, ko ka matso ko ka ja baya. Saboda haka hannunka zai riƙa jan ka zuwa ƙaramin kai. Yanke shawarar girman tun farko: saka alamar ƙoƙon kai da ta haɓa a ƙyallen, kada ka yarda ka fita daga tsakaninsu.

Gawayi

Kafin ka ɗauki gawayin, yi abin da malamin Miró ya sa shi yi. Daga 1912 zuwa 1915 ya yi karatu a makarantar Francesc Galí a Basalona, kuma Galí yakan sa shi ya rufe ido ya lalubi abu da hannu, sannan ya zana shi daga abin da yatsunsa suka ji. Rufe idonka ka bi goshinka da yatsu, ka ji inda ya karya zuwa gefe, ka ji ramin ido, tudun kunci, kusurwar muƙamuƙi a ƙarƙashin kunne. Waɗannan wuraren da ƙashi ya juya su ne za ka zana, su ne kuma Miró ya fito da su ƙarara a fuskarsa.

Ja siffar kan gaba ɗaya da layuka miƙaƙƙu, gajeru, ba zagaye ɗaya mai santsi ba. Ja layi daga tsakiyar goshi zuwa tsakiyar haɓa. Idan ka ɗan juya kai, layin nan zai karkata gefe, kuma rabin fuska ɗaya zai fi ɗaya faɗi. Idanu suna zama kusan tsakiyar tsayin kai ne, ba can sama ba inda kowa ke son kai su. Tazarar da ke tsakaninsu kusan faɗin ido ɗaya ce. Kunne yakan fara daga daidai gira ya ƙare daidai gindin hanci. Waɗannan ma'aunai na somawa ne kawai, kamanninka yana wurin da fuskarka ta saɓa musu. Miƙe hannunka da buroshi, rufe ido ɗaya, auna faɗin fuska ka gwada da tsawonta, auna hanci ka gwada da goshi. Abin da ka auna shi za ka sa, ko da bai yi maka daɗi ba. Hancin da ka rage wa faɗi don kunya ba naka ba ne kuma.

Idan zanen ya zauna, kaɗe garin gawayin da tsumma har ya rage alama kawai, sannan ka bi layukan da Burnt Umber da ka tsinka da tafentayin, da siririn buroshi. Bar shi ya kwana.

Shimfiɗar farko

Dokar fentin mai guda ɗaya ce da ba a karyawa: na ƙasa ya zama marar mai, siriri, na sama ya fi shi mai da kauri. Mai yaɓen ɗaki ya san dalilin, idan saman ya bushe alhali cikin yana motsi, tsagewa zai yi. Don haka shafen farko da tafentayin za ka tsinka shi, na tsakiya ka yi da fenti yadda ya fito daga bututu, sai a na ƙarshe ka ɗiga man linsid kaɗan.

Kanne idanunka ka dubi madubi har fuskar ta rabu gida biyu, inda haske ya sauka da inda bai sauka ba. Cike ɓangaren inuwa da ruwan ƙasa siriri. Shafa launin riga da na bango su ma sirara, a rana ɗaya, domin farin ƙyalle yana ruɗar ido, duk launin da ka ɗora kusa da shi zai yi kamar ya fi duhu. Kada ka taɓa ƙwayar ido ko gashin gira a wannan mataki.

Fata

A nan za ka rabu da Miró. Launukan fuskarsa na fatar Bature ne, kai kuma naka kake nema. Abin da za ka ara shi ne yadda ya ajiye kowane launi a fili guda mai iyaka, goshi dabam, kunci dabam, haɓa dabam, bai murje su sun zama abu ɗaya ba.

Haɗa tsibi biyar a allonka da wuƙa kafin buroshi ya taɓa komai, daga mafi duhu zuwa mafi haske. Tushen fatar yawancinmu Burnt Sienna ne da Burnt Umber, yawan kowanne ya danganta da hasken mutum. Don inuwa, ƙara Ultramarine Blue a cikin Burnt Umber, zai ba ka duhu mai rai da ya fi baƙin bututu. Don wurin haske, ƙara Yellow Ochre da ɗigon ja kafin ka nemi fari. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓata hotunan baƙar fata: mutum ya yi ta zuba fari don ya haskaka kunci, sai fuskar ta koma toka-toka, jinin jikinta ya tafi. Fari yana da wurinsa, amma a ƙyallin goshi da doron hanci da saman leɓe, inda fata ke mayar da hasken sama. Dubi waɗannan wurare da kyau, sau da yawa za ka ga suna ɗaukar shuɗi ko ruwan hoda mai sanyi, ba rawaya ba. Baƙar fata tana ɗaukar launin abin da ke kusa da ita sosai, don haka idan jar riga ka sa, nemi jan a ƙarƙashin haɓarka, yana nan.

Fara daga duhu ka taho haske. Ɗebi fenti, ajiye shi a wurinsa, ɗaga buroshin. Idan bai yi ba, kankare da wuƙa ka sake, kada ka yi ta shafawa a kai har ya zama laka. Goge buroshi da tsumma duk lokacin da za ka sauya tsibi. Bayan kowane minti goma sha biyar ja da baya taku huɗu ko biyar ka dubi hoton da madubin tare. Wata dabara ita ce ka juya hoton ya fuskanci madubi ka kalle shi a ciki: idon da ya fi ɗan'uwansa hawa, ko bakin da ya karkace, nan take zai bayyana.

Idanu su ne na ƙarshe a fuska, kuma da wuya farinsu ya zama fari na gaske, yana cikin inuwar fatar ido. Za ka lura kallonka a hoton ya yi tsanani, kamar mai fushi. Haka hoton mai zana kansa yake fitowa, saboda kallon mai aunawa ne. Ka bar shi. Salvador Dalí, wani mai zane ɗan Kataloniya, shi ma a hoton da ya zana kansa wajen 1921 yana ɗan shekara goma sha bakwai, da dogon wuya da gaɓar tekun Cadaqués a bayansa, irin wannan kallon ne a idonsa.

Bayan fatar ta sha iska kwana biyu ko uku, dawo da layin. Haɗa Burnt Umber da shuɗi, ɗauki siririn buroshi, ka sake jan gefen fatar ido na sama, gefen hanci ta ɓangaren inuwa, tsakanin leɓɓa, da muƙamuƙi. Ka bar layin ya yi kauri a wani wuri ya sirance a wani. Wannan mataki ne zai ba hoton irin tsayuwar da ta Miró ke da ita.

Riga da bango

Zaɓi riga mai launi ɗaya mai ƙarfi, ka sa ta duk ranar aiki. Kada ka bi kowane lanƙwasa, zaɓi manya biyar ko shida ka mayar da su fili-fili masu gefe, ɗaya mai haske, na kusa da shi mai duhu. Idan akwai aikin zare a wuya, bar shi sai ƙarshe, ka yi shi da haƙuri, domin Miró na waɗannan shekaru mutum ne mai bin abu dalla-dalla, har ganyen bishiya ɗaya-ɗaya yake zanawa a hotunan gonarsu ta Mont-roig. Bango kuwa launi ɗaya ya isa. Gwada shi a gefen fuska tukuna: idan fuskar ta fito, shi ne, idan ta nutse, sauya.

Bushewa da ajiya

Fentin mai ba ƙafewa yake yi ba, iskar da yake sha ce ke taurara shi. Launukan ƙasa irin su Burnt Umber sukan daina kama hannu cikin kwana ɗaya ko biyu, fari da ja kuwa suna iya kai mako ko fiye. A lokacin hunturu ƙura ce babbar abokiyar gaba: jingina hoton fuskarsa na duban bango, da ɗan tazara yadda ba zai taɓa ba, a ɗakin da ba a yawan shiga.

Yi aiki da taga a buɗe saboda warin tafentayin, kada ka sa buroshi a baki, kuma ka wanke hannu kafin cin abinci, domin jan Cadmium guba ne. Tsumman da ya sha man linsid idan aka dunƙule shi aka jefar yana iya ɗaukar zafi har ya kama wuta da kansa. Shanya shi a buɗe a waje, ko ka nutsar da shi cikin gwangwanin ruwa mai murfi. Buroshi kuma a goge, a ɗauraye da tafentayin, a wanke da sabulu, a gyara bakinsa da yatsa.

Rubuta sunanka da shekara a bayan ƙyallen. Kada ka shafa banish, wato shafen ƙarshe mai ƙyalli da ke kare fenti, sai hoton ya yi aƙalla wata shida, idan fentin ya yi kauri ma ka kai shekara. A tsakanin nan kada ka koma kana gyara shi duk lokacin da ka ga aibu, ɗauki sabon ƙyalle. Miró da kansa ya sake komawa ga fuskarsa a 1937 zuwa 1938, wannan karon da fensir da ɗan fenti kaɗan, yana duba madubi mai ƙara girma, kuma wancan hoton yana Niyok. A 1960, da ya so ya sake taɓa shi, kwafinsa ya sa aka yi masa ya ja manyan baƙaƙen layuka a kai, na asalin bai taɓa shi ba. Idan lokacin banish ya yi, goge ƙura da busasshen buroshi mai laushi, kwantar da hoton a ƙasa mai tsabta, ka shafa siriri sau ɗaya da faffaɗan buroshi, ka rufe ɗakin har washegari.